Garin Gwamna, Bakin Talaka: Siyasa da Gem a Wayoyin Kafin Hausa

Ranar 29 ga Mayun 2023 abu biyu suka faɗo wa mutanen Kafin Hausa a wuni ɗaya. A Dutse aka rantsar da ɗan garinsu, Malam Umar Namadi, wanda aka fi sani da Ɗanmodi, a matsayin gwamnan Jigawa. A Abuja kuma sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya tsaya gaban jama'a ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Murna da kuka suka shigo gari tare, kuma jam'iyya ɗaya ce ta aiko su, APC. Tun daga ranar, duk wanda zai buɗe baki ya yi maganar siyasa a garin nan sai ya fara duba hagu da dama, domin kukan tsadar rayuwa kan iya zama sukar ɗan gida ba tare da mai kukan ya yi niyya ba.

Ba tsoron ɗauri ne kaɗai ke ɗaure harshe ba. Kunya ta fi shi ƙarfi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum wajen dubu 270, a mazaɓu 11, daga cikin gari zuwa Bulangu, Sarawa, Jabo, Ruba, Mezan, Zago da sauransu. Yawan ya ƙaru sosai tun lokacin, amma idan ka bi zaren aure da maƙwabtaka da makarantar allo, da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a gefen gwamnati: ko kansila, ko mai ba da shawara, ko direban wani babba, ko saurayin da ya miƙa takardunsa yana jiran a kira shi aiki. Mutumin Gumel ko na Kazaure zai ce gwamna ya gaza, ya je ya yi barcinsa. Mutumin Kafin Hausa in ya faɗi haka da hantsi, kafin la'asar an kai wa mahaifinsa.

Duk da haka ana magana. Ana yin ta fiye da kowane lokaci a tarihin garin. Wurin yin ta ne ya sauya, da waɗanda ke yin ta, da kuma abin da ke biyo bayanta.

Daga tabarma zuwa zaure

Majalisar da muka gada tana nan, ba ta mutu ba. Tabarmar ƙofar gida bayan isha'i, bencin mai shayi, inuwar dogonyaro a bakin kasuwa. Tana da dokokinta waɗanda ba a rubuta ba: babba ke buɗe zance, yaro ya saurara, in zai sa baki ya fara da "Baba, a gafarce ni". Labarin duniya rediyo ke kawo shi, BBC da rediyon Jamus da na Faransa, sai Rediyo Jigawa. Da Freedom ta buɗe a Kano a 2003, aka shiga zamanin sojojin baka, masu shiga gidan rediyo su yabi ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa habaici, washegari majalisu su ɗauka su tauna. Daga baya Haɗeja ma ta sami tasharta, Sawaba FM. Amma a duk wannan tsari, maganar talaka a majalisa iska ce ke kwashe ta. Ko an kai tsegumi, mai magana na da mafita: "Wallahi ba haka na ce ba." Dattawa biyu su shiga tsakani, a sha ruwa, a wuce wurin.

Zauren WhatsApp ya toshe wannan mafita. Yau kusan kowane mai babbar waya yana cikin zauruka da yawa: na tsofaffin ɗaliban sakandare, na unguwa, na dangi, na masallaci, na manoman shinkafa, na magoya bayan wani ɗan takara. A can ba shekaru ke ba mutum iko ba. Admin ne mai gari, ko da ɗan shekara 22 ne, kuma yana iya fitar da sa'an mahaifinsa da yatsa ɗaya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sikirinshot. Maganar da ka rubuta cikin fushi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare tana iya kwana shekara biyu a wayar wani, sai ranar da sunanka ya fito a jerin waɗanda za a ba aiki ko taki ta farka. Wannan, a ganina, shi ne babban sauyin da waya ta kawo wa siyasar ƙaramin gari. Ba ta ƙirƙiro sababbin ra'ayoyi ba. Ta sa tsofaffin sun daina gogewa.

Akwai kuma alherin da ba a cika ambata ba, wato saƙon murya. Manomin da bai yi boko ba, wanda Facebook ya bari a baya saboda rubutu, yanzu yana danna waya ya yi bayanin minti uku kan farashin buhun taki, da Hausarsa ta Haɗejawa, a ji shi a Dutse da Kano da Legas. Sau da yawa bayaninsa ya fi na masu digiri ma'ana, don shi ya sayi takin.

Baƙin da ba su da kawu a gari

A 2013 gwamnatin Sule Lamido ta kafa jami'ar jiha ta zaunar da ita a Kafin Hausa, a ƙarshen 2014 aka sa mata sunansa. Abin da jami'a ke kawo wa ƙaramin gari ya wuce digiri. Ta kawo ɗakunan haya, shagunan buga takardu, masu POS, masu cajin waya, masu gyaranta, masu sayar da data. Ta kuma kawo dubban samari da 'yan mata daga Ringim, Birnin Kudu, Gumel, Kazaure da wajen jiha, waɗanda ba su da kawun da za a kai wa ƙararsu. Ɗalibi baƙo zai faɗi abin da ɗan gari ke haɗiyewa, ɗan gari ya ji, ya yi murmushi, wani lokaci ya tura wa abokinsa a ɓoye.

Akwai abin dariya a nan wanda 'yan gari suka sani sarai. Babbar cibiyar da ta ɗaga darajar garin tana ɗauke da sunan jagoran PDP, tsohon ɗan PRP wanda ya taso a gidan siyasar Malam Aminu Kano. A zaɓen 18 ga Maris 2023 kuwa, babban abokin karawar Ɗanmodi shi ne ɗan wannan jagora, Mustapha Sule Lamido, sai Aminu Ibrahim Ringim na NNPP. Ɗanmodi ya ci da tazara mai faɗi. Amma muhawarar "wa ya fi yi wa Kafin Hausa aiki, wanda ya kawo jami'a ko ɗan da muka haifa" ba ta ƙare ba, kuma ba ranar da za ta ƙare. Ita ce gardamar da ake komawa gare ta duk lokacin da zaure ya yi shiru.

Wanda ya ci ya zauna

Wanda ke son ya ji abin da samarin gari ke tunani da gaske, kada ya tsaya a Facebook. Ya leƙa gidan gem. Shago ne ƙarami, talabijin biyu ko uku, PlayStation da ta sha hannu, janareta ko batirin sola a bayan ƙofa, benci, da yara a tsaye a baya suna jiran layi. Ƙwallo ce sarauniyar wurin: FIFA, wadda kamfaninta ya sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023 amma ba wanda ya kula, da PES da ta koma eFootball. A wayoyi kuma, Tecno da Itel da Infinix, akwai Dream League, da Free Fire wanda ƙaramar waya ke iya ɗauka, da PUBG da Call of Duty ga masu waya mai ƙarfi, sai Ludo da ta haɗa kowa har da matan aure.

Dokar gidan gem ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya koma baya. Ba a tambayar ɗan wane ne. Ɗan ciyaman in an zura masa huɗu tashi zai yi, almajirin da ya tara kuɗin wanki ya zauna a gurbinsa. Na daɗe ina tunanin cewa wannan ne ya sa wurin ke da farin jini fiye da yadda wasan kansa ya cancanta. A gari irin namu, inda aiki da gurbin karatu da rabon tallafi ke bin wa ka sani, wuri ne guda da sakamako ke fitowa a allo kowa na gani, ba mai sauya shi a hanya. Yaran ba za su faɗa maka haka ba. Za su ce Madrid ce ko Barcelona. Amma ka saurari hirar da ke tsakanin wasa da wasa: kuɗin makaranta, wanda aka ɗauka aikin ɗan sanda da wanda aka bari, wanda ya tafi ci-rani Abuja, wanda ya ce shi da zaɓe har abada. A nan ba mai sikirinshot, hannun kowa na kan gem.

Ƙorafin iyaye ba na banza ba ne. Akwai yaron da azahar da la'asar ke wuce shi a kan benci. Akwai wanda canjin cefane ke maƙalewa a aljihunsa. Akwai ashar da ake koya daga abokan wasan da ba a taɓa gani ba, domin wasannin harbi irin su Free Fire ana yin su ne da murya a buɗe, da mutanen Legas da Masar. Duniya ma ta san da matsalar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, kuma a 2021 China ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako. Sai dai akwai rashin adalci idan dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gindin dara da karta ya ce wai yau ne aka fara ɓata lokaci. Inda ya kamata a sa ido shi ne inda gem ke gangarawa zuwa caca. Daga "wanda aka ci ya biya kuɗin wasa" zuwa "mu sa ɗari biyar-biyar", daga nan zuwa manhajojin cacar ƙwallo da ke cikin waya. A 2024 Hisbar Kano ta bi shagunan caca tana rufewa, amma shagon da ke aljihun yaro ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Shekarar taɓa allo

A 2024 gem ya fita daga shago ya shiga kowane gida, kuma ba yara kaɗai ya kama ba. Wani wasa mai suna Notcoin ya ɓulla a Telegram: ka yi ta taɓa hoton tsaba a allo, maki na taruwa. Mutane da yawa sun ɗauke shi shirme. A watan Mayu aka mai da makin kuɗin kirifto, waɗanda suka jure suka sayar suka ga naira a asusunsu. Labari ya bazu a Arewa cikin kwanaki. Daga nan sai maining ya zama sana'ar gari: TapSwap, Hamster Kombat da tarin ire-irensu, ga kuma Pi da wasu suka riƙe tun 2019 suna jiran ranar fashewa. Malamin makaranta yana taɓawa, mai shayi yana taɓawa, uwar gida tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya tana taɓawa da ɗayan. Aka buɗe zauruka na musamman inda ake raba lambobin sirrin kowace rana. Malamai suka yi ta amsa tambaya a kan halacci ko haramcin abin.

Masu Hamster Kombat sun ce mutum miliyan 300 ne ke wasansu a duniya. Ranar 26 ga Satumba 2024 aka yi rabon da aka yi wata da watanni ana jira. Abin da akasarin mutane suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, balle na caji. An yi dariya, an yi zagi, an shirya barkwanci iri-iri.

Mai son ya yi wa mutane dariya zai ce kwaɗayi ne. Ni ban ga haka ba. A shekarar da buhun shinkafa da na masara suka fi ƙarfin albashi, saurayin da ya gama jami'a ba aiki, yana da waya da lokaci, me zai hana shi gwada abin da ba ya buƙatar jari ko takardar wani babba? Abin lura shi ne yaren da maining ya bari a bakin matasa, domin sun ɗauke shi sun kai siyasa. Alƙawarin da ake ta ɗaga ranarsa, aikin da za ka yi wa wani kyauta da fatan rabo, manya su kwashe kaso mai tsoka a bar wa 'yan taɓawa ragowa: ba sai an yi wa ɗan Jigawa dogon bayani ba, ya taɓa ganin irinsa a kamfe. Wasu kuma, kaɗan ne amma akwai su, sun fita daga wannan shekara da ilimin gaske, sun iya buɗe asusun kirifto, sun iya gane damfara tun daga nesa, wasu sun wuce koyon zane da haɗa manhaja. Jigawa ba baƙuwar burin fasahar zamani ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, kuma tun 2019 ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ke shugabantar hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Tsakanin wannan buri da yaron da ke neman inda zai yi caji akwai tafiya. A Oktoban 2024, da layin wutar da ke ciyar da Arewa ya lalace, jihohin da kamfanin raba wuta na KEDCO ke ba wuta suka kwana fiye da mako a duhu, mai cajin waya ya zama mutum mafi daraja a unguwa.

'Yan data

Sojan baka na rediyo ya haifi ɗa, sunansa ɗan data. Saurayi ne mai waya da kaifin harshe, wanda wani ɗan siyasa ke saya wa data, wani lokaci da ɗan abin sawa a aljihu, shi kuma ya wuni yana yabo da kare ubangida a Facebook da TikTok. Kowace jam'iyya na da nata, kowane mai neman kujera na da nasa, tun daga kansila har sanata. In gwamna ya ƙaddamar da hanya, hotuna iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya za su fito a shafuka hamsin cikin awa guda. In ɗan adawa ya saka hoton ajin da rufinsa ya yaye, su ne za su sauka a kansa.

Ba na cikin masu tsine musu. Da yawansu yara ne masu basira da ba su sami inda za su kai ta ba, kuma roƙo da yabon masu mulki sana'a ce da ta girmi intanet a ƙasar Hausa. Ɓarnar da suka yi ta wani wajen ce: sun sa an daina yarda cewa mutum na iya faɗin ra'ayi don kansa. Ka yaba aikin da ka gani da idonka, a ce nawa aka ba ka. Ka soki wanda ka ga ya lalace, a ce wa ya aiko ka. A garin gwamna abin ya ninka, domin mai suka ba ɗan adawa ba ne kawai, ana iya kiransa maƙiyin gari. Shi ya sa masu hankali da yawa suka koma 'yan kallo, suna karantawa ba sa rubutawa, sai dai su kira aboki a waya su faɗi abin da ke ransu.

Ga kuma doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana zama sandar da ake ɗaga wa masu rubutu, ko da yake an yi masa gyara a 2024. Matasan Jigawa ba su manta ba cewa a Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A wannan watan na Nuwamba dai wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala saboda barkwancin da suka yi wa Gwamna Ganduje. Kafin nan gwamnatin tarayya ta rufe Twitter ɗungurungum daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kowane ɗayan waɗannan darasi ne da aka karanta a zaurukan Kafin Hausa.

Amma an ga ranar da shirun ya fashe. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta 2024 a waya aka shirya ta, ba jam'iyya ba ƙungiyar ƙwadago. Malamai da sarakuna sun yi ta jan kunne kafin ranar, kuma aka ga samari suna mayar wa malamai martani a fili, da sunansu da hotonsu, abin da ba zai yiwu a kan tabarma ba. Da abin ya rikiɗe zuwa fashe-fashe a wasu garuruwa, gwamnatin Jigawa ta sa dokar hana fita. Har yau ba a gama gardamar wa ke da gaskiya ba. Abin da ya tabbata shi ne girman da ake ba na gaba bai hana yunwa magana ba.

Zauren da maza ba sa gani

Majalisar ƙofar gida ta maza ce tun fil azal, gidan gem ma haka. Waya ce ta fara ba matan aure majalisar da ba sai sun nemi izinin fita ba. A zaurukansu ana cinikin atamfa da turaren wuta da kayan kicin, ana adashi, ana karanta littattafan soyayya da marubuta mata ke sakewa shafi-shafi, ana tura kuɗi ta OPay da Moniepoint, waɗanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa kowa koya. Siyasarsu ba ta cika ɗaukar sunan jam'iyya ba. Ta kuɗin awo ce, da maganin asibiti, da ko akwai ma'aikaciyar jinya da dare, da kuɗin jarrabawar yara. 'Yan siyasa sun san cewa ranar zaɓe layin mata ya fi tsawo, amma har yanzu da atamfa da taliya suke zuwa musu. Wanda ya fara sauraron abin da ake faɗa a waɗannan zauruka zai riga abokan takararsa sanin inda ƙuri'a ta dosa.

Inda kogi ke raba gardama

Duk wannan hayaniya a kan ƙasa mai ruwa ake yin ta. Kogin Haɗeja, da reshensa da ake kira Kogin Kafin Hausa, shi ne abincin yankin kuma shi ne fargabarsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Maimakon ya zo da damina ya janye da rani, sai ya zama yana gudana kusan duk shekara, kachalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyinsa har zuwa dausayin Haɗeja da Nguru. Ruwan da ya rasa hanya gona yake shiga, daga gona sai gida. An sha wuya a 2018 da 2020. A Agustan 2022 Kafin Hausa na cikin inda abin ya fi muni, a Bulangu kaɗai gidaje fiye da 200 suka rushe.

A irin wannan lokaci zaurukan da suka saba da zagin juna sukan zama wani abu dabam. Bidiyon inda jinga ta ɓalle, kiran samari su fito da buhuna da shebur, sanarwar makarantar da aka buɗe wa waɗanda suka rasa matsuguni, lambar asusun da 'yan gari mazauna Kano da Abuja za su tura gudummawa. Yaran gidan gem ɗin nan da ake cewa ba su da amfani su ne a cikin ruwa har ƙugu, kuma su ne masu ɗaukar hoton da ke sa jami'in da ke Dutse ya kasa cewa bai sani ba. Ɗan data na APC da na PDP gonakin iyayensu a fadama ɗaya suke.

A nan ne kuma ra'ayin talaka ya fi kaifi, domin ya san abin da yake magana a kai. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja. A ƙarshen shekarar gwamnatin tarayya ta zaɓi yankin don ƙaddamar da noman alkama na rani. Gwamnatin jiha ta sayo injinan da ke shiga ruwa suna yashe kogi suna cire kachalla. Duk an yi, an kuma sa a Facebook. Tambayoyin da manomi ke yi a saƙon murya su ne waɗanda hoto ba ya amsawa: injin ya iso ɓangarenmu ko a wajen masu baki ya tsaya? Sunan wa aka rubuta a rabon iri da taki, mai gona ko mai katin jam'iyya? Da man fetur a wannan farashi, nawa za a kashe a ba kadada ɗaya ruwa, kuma wa zai samu famfon sola? Shirin Gwamnati da Jama'a, wanda gwamna ke zagaya ƙananan hukumomi 27 da kwamishinoninsa ana zama da mutane, amsa ce ga wannan matsin, kuma ya fi shiru. Sai dai a taro irin wannan, wanda aka miƙa wa makirufo yakan fara da "Mai girma gwamna, Allah ya ƙara lafiya", ya ci rabin lokacinsa a godiya. Sauran maganar a zaure ake ƙarasa ta da dare.

Ita ma wayar tana da nata laifin a lokacin ruwa. Kowace damina sai saƙon "an sako Tiga" ya zagaya, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci da bidiyon shekarun baya ko na wata ƙasa, mutane su kwana a tsaye da kaya a ɗaure. Hukumar NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, suna ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, amma galibi da Turanci, a takardu masu shafuka da yawa. Kafin bayanin ya isa kunnen mai gona a Zago ko Ruba, sai wani ɗalibi ko malamin makaranta ya karanta, ya juya shi Hausa, ya ɗauki murya ya tura, da datar da ya saya da kuɗinsa, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.